Waken Ɗakin Iya

Rurum Tsohon Gari,
2 ga Disamba.

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya kasuwa, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya. Iya tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi ka manta da goron mahaifiyarka. Wayata ta faɗa kwanon ruwan awaki, ba ta ƙara motsi ba, shi ya sa na ba Amiru direban albasa wannan takarda.

An gama casar wake, buhu shida cif, an ɗora harawa a kan rumfa. Jar akuya ta haifi biyu, ga ta da rowar nono kamar ba ita ta haife su ba. Rumbu kuwa gara ta cinye gindinsa, sai Iya ta sa aka jera buhunan a ɗakinta, wai a gaban idonta babu ɓarawo. Ranar kasuwar Kibiya aka sayo mata ƙwayar kashe ƙwari, wadda ake ce wa bom. Ta ƙulla a tsumma, ta cusa bibbiyu a kowane buhu. Mai maganin ya aiko cewa ɗaya ta isa, kuma kada mutum ya kwana inda take. Iya ta ce yaushe aka haife shi.

Abin da ya tsaya min a rai, yarinyar nan a ɗakin take kwana. Ka san tun ranar yaye Iya ta ɗauke ta. 'Yar fari ce, shekara biyar ko sunanta ban taɓa kamawa ba, balle in buɗe baki in ce a ba ni ita. Ka aiko wa Iya da magana, taka za ta ji.

Ka huta lafiya.
Taka, Barira.

9 ga Disamba.

Maigida,

Ina gaisuwa, Allah ya sa ka tashi lafiya. Goro da sabulu sun iso, an gode. Na zazzage ledar har sau biyu, ban ga amsar maganata ba. Ko albasa ce ta rufe maka ido?

Mun fara sussukar dawa, hannuna duk kanta. Zabi sun koma kwana a kan darbejiya. Kazar da ke kwanci a ƙarƙashin gadon Iya, jiya aka jawo ta a sandare, ƙwai tara sun yi sanyi. Iya ta ce bakin mutane ne. Da aka share ɓeraye uku matattu a bayan buhuna kuwa har murna ta yi, wai magani ya yi kyau. Magen gidan nan da ba ta da wurin kwana sai ƙafar Iya, yanzu ko bakin ƙofar ba ta zuwa. Ɗakin warin tafarnuwa yake, ga shi saboda sanyi Iya ta toshe taga da tsummoki.

Yarinyar ta daina shan kunu. Tana riƙe kai, ta yi amai sau biyu, Iya tana ba ta jiƙon sabara wai shawara ce. Na daure na ce ko a dawo da ita ɗakina kwana biyu. Iya ta kama haɓa, ta kira matan maƙota su zo su ga zamani, uwa tana jinyar 'yar fari. Suka yi ta dariya, ni ma na yi, na koma kan turmina.

Wallahi tsoro nake ji. Ina daka ina leƙen ƙofar nan.

Barira.

Rano,
12 ga Disamba.

Maigida,

Gaisuwa a taƙaice, daga asibiti nake rubuto maka.

Jiya hantsi ya yi, awaki suna ta kuka a turke, Iya ba ta fito ta kwance su ba. Ƙofarta a rufe. Allah ya yafe min, sai da na tsaya da ludayi a hannu ina tunanin abin da za a ce. Na gama dama kunun ma tukuna. Sannan na banke ƙofar, na ƙwala kiran yarinyar da sunanta, duk unguwa ta ji. Ba ta amsa ba. Na saɓo ta ko mayafi babu, aka ɗauko mu a babur, Iya kuma a mota.

Likita ya ce iskar ƙwayar ce, da an ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Iya tana gadon kusa da mu, har yanzu ba ta buɗe ido ba, kuma likita ba ya kallona idan na tambaye shi. An fitar da buhunan zaure. Wakenka lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu.

Da la'asar yarinyar ta farfaɗo. Ta ce ta ji ana kiran ta daga nesa. Na ce ni ce. Sai ta tambaye ni ashe na san sunanta.

Ka bar albasar nan ka taho, kada ka jira wata takarda.

Ni ce,
Barira, uwar Bushra.