Zanen Pei-shan

Hsinchu

Yaya Ming-kai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ka daina dafa miyar kifin nan taka da ko kyanwa ba ta sha. Na san tun rasuwar Yaya Pei-shan ba ka kunna kwamfuta, shi ya sa na ɗauko biro.

Mu masu haɗa Balbela mun yi taro. Kai ma ka san alkawarin da aka gina ta a kai: tarin manhajoji ne kyauta, wanda kowa zai iya kwafa, ya gyara, ya raba. To an kaɗa ƙuri'a cewa daga bugu na gaba, zane da sauti ma sai sun cika wannan sharaɗi. Wannan doka ta shafi wasanku na kwamfuta, Mai Kwale-kwale. Manhajar da ka rubuta ba ta da matsala. Amma Yaya ta rubuta a kan zanenta da sautinta cewa a yi wasa, a raba, kada a sauya, kada a sayar.

Kai ne mijinta, haƙƙin yana hannunka yanzu. Layi ɗaya za ka sa wa hannu, wasan ya zauna. In ba haka ba, ni ne mai kula da wasanni, ni za a sa in cire shi. Don Allah ka rufa mini asiri.

Ƙaninka,
Tzu-yang

Tainan

Tzu-yang,

Na gaishe ka. Miyata kuwa kwano biyu ka sha ranar sabuwar shekara, maras kunya.

Ka manta abin da ya sa yayarka ta rubuta sharaɗin? Wasu 'yan caca ne suka ɗauki wata yarinya da ta zana, suka rage mata riga, suka manna ta a tallarsu. A jikin motar haya ta gani, muna kan babur. Ta ce in tsaya, ta sauka ta zauna a bakin titi. Wata guda ba ta taɓa alƙalami ba.

Manhaja kayan aiki ce, tana lalacewa, shi ya sa na yarda kowa ya gyara tawa. Amma tsohon da ke tuƙa kwale-kwalen fuskar babanku ce. Me ya lalace a cikinta da wani zai gyara? Tsibirin ƙarshe na wasan a gadon asibiti ta zana shi, ina riƙe mata allon. Kana so in ce wa duniya kowa ya zo ya yi yadda ya ga dama da shi?

Ka ce "an kaɗa ƙuri'a". Kai ina ka jefa taka?

Ming-kai

Hsinchu

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na daɗe ban amsa ba saboda tambayarka.

A cire na zaɓa.

Akwai wata malamar firamare a duwatsun Hualien. Ɗalibanta suna son wasan kamar me, sai ta so ta mayar da allunan tashoshin cikinsa zuwa harshen ƙabilarsu, Truku, wanda yaran ke mantawa. Rubutun a cikin zanen yake. Ta tambaye ni, na ce mata haramun ne. Ta ce, "To ba ku ne kuka rubuta cewa duk abin da ke cikin Balbela namu ne ba?" Shekaru muna faɗa wa mutane abin da ba gaskiya ba ne, Yaya, kuma kai ka koya mini ƙin wannan.

Kada ka ɗauka abin bai taɓa ni ba. Kafin ta zama matarka, ita ta goya ni. Muryar da ke kiran fasinja a bakin ruwa tata ce. Ina buɗe wasan in bar kwale-kwalen a tsaye don kawai ta yi ta kira. Da na ɗaga hannu a taron, sai da na fita waje na yi kuka a gefen injin sayar da lemo.

Wasu ɗalibai masu taya mu aiki sun ce za su sake zana komai, wasan ya zauna da sabuwar fuska. Ga samfuri na sa maka a ambulan. Ka duba, ka yafe mini.

Ƙaninka har kullum,
Tzu-yang

Tainan

Tzu-yang,

Gaisuwa. Na ga samfurin. Yaran sun iya zane, ka gode musu. Amma ban san mutumin da ke cikin kwale-kwalen ba.

Na kunna kwamfutar. Na buɗe takardar lasisin da ta rubuta sharaɗin a ciki, na karanta kalmominta, har da kuskuren rubutun da nake tsokanarta da shi. Na sa hannu a kan madannai, na kasa goge ko harafi ɗaya. Ba ta nan balle in tambaye ta ko ta sauya ra'ayi.

Izinina na shiga rumbun Balbela yana aiki har yanzu. Na cire wasan da kaina, duka, don kada a ce ƙaninta ne ya yi. Ba na cewa ka yi kuskure.

Mamanku na tambayar yaushe za ka iso ranar sharar kabari ta bana, da za a ziyarci kabarin Pei-shan. Ni da safe zan je. Kai ka je da rana.

Ka huta lafiya,
Ming-kai