Ƙasar Sawun Taya

Zuwa ga Yaya Habu, a duk garin da yake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ce ƙanwarka Rabi daga Matameye. Ban san inda kake ba, shi ya sa na roƙi direbobi su karanta takardar nan a tasha, ko Allah zai sa ta faɗa kunnenka.

Ka tuna akori-kurar Alhaji Mamman mai sayen gyaɗa? Ruwan toka, mai dogon hanci, da rumfar tamfol da benci biyu a baya. Ranar da ta fara shigowa gari har awaki sai da suka tsinke igiya. Kai kuwa kullum kana gindinta, kana juya ƙarfen tayar da inji har tafinka ya yi kanta, ba wanda ya sa ka. Ni kuma ina maka tsiya, ina kiran ka angon mota.

Ka san al'adar Inna. Duk wanda zai tafi cin rani a gidanmu, sai ta bi bayansa ta ɗebi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama, ta ƙulle a tsumma ta rataye a ɗaki, don ya dawo. Baba ya tafi a ƙafa ya dawo. Kawu ya tafi da jaki ya dawo.

Kai ne ka fara tafiya a mota. A ranar, tayoyinta suka nutse a rairayi, maza suka taru suna turi, har da kai. Da ta fita, ka ɗare baya kana dariya, kana ɗaga mana hula. Inna ta iso da tsummanta, ta tarar sawu ya hau kan sawu. Ta daɗe a duƙe tana dubawa, ba ta gane naka ba. Daga ƙarshe ta ɗebi ƙasar sawun taya, ta ce ai tare kuke.

Yaya, motar ta dawo. Kowace ranar kasuwa sai ta dawo, da gishiri da kananzir da 'ya'yan wasu. Inna takan tsaya har mutum na ƙarshe ya sauko. Direba ya ce a Kano ya sauke ka, iyakar saninsa ke nan.

Bara injinta ya mutu, aka ture ta bayan kasuwa. Tamfol ya yage, kaji na ƙwai a kujerar direba. Motar ta zauna gida ke nan.

Inna ta rasu bayan girbi. Ba ta taɓa ganin laifinka ba, abin da take ta faɗa kawai shi ne, "Mota na ƙulle, ba ɗana ba." Ina kewarka, Yaya, kuma ina jin haushinka.

In kana raye ka zo, ko yini ɗaya ne. Ka sauka a bakin gari, ka ƙaraso a ƙafa. Na zubar da waccan ƙasar, na wanke tsumman na ajiye.

Allah ya jiƙan Inna. Allah ya juyo da ƙafarka gida. In kuwa ka riga ta tafiya, Allah ya haɗa ku inda ba a rabuwa.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Rabi