Hular Malam Sabo

Tudun Wada, daren Laraba, 1976

Ana zaton malami ba ya ƙyashin malami. Yau na yi, Allah Ya yafe mini.

Malam Sabo, sabon malaminmu, ya kallo fim a Kano, labarin akawun da ya saci takardun asirin gwamnati ya kai wa jarida. Ya tsaya gindin darbejiya yana kwaikwayo: shi ne akawun, shi ne minista, hularsa ce fayil. Ajina duk ya koma can.

Da na kira su, ɗalibata Ladi ta ce, "Malam, a yi haƙuri, ba a kama akawun ba tukuna."

Shekara tara ina koyar da faɗin gaskiya, ban taɓa ganin yara sun nutsu haka ba. Na ce wa kaina: kai ma kana da hula. Gobe ka cire ta, ka gwada.