Kulocin Babur Ɗin Baba Aslak

Maze, 6 ga Afrilu

Zuwa ga yayana Heika,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ingrid da yara, Ya kuma kiyaye ku da hayaniyar Oslo. Mu nan lafiya, sai godiya. Garke ya fita hunturu da ƙibarsa, cikin bareyin ƙanƙarar da muke kiwo shida kawai muka rasa, matan garken kuma cikinsu ya yi nauyi. Mikkal mijina yana nan yadda ka bar shi, ga cin nama ga musu. Inna Biret ce dai hannunta yake a ɗaure, kada hankalinka ya tashi, targaɗe ne, dalilinsa kuwa shi ne dalilin takardar nan. Na san za ka ce yaushe Ristin ta zama marubuciya alhali ga waya a aljihunta. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ka zauna kuma kafin ka fara.

Ranar Talata da safe Baba ya ɗaura amalanken abincin bareyi a bayan babur ɗinsa na ƙanƙara, Inna ta hau kan buhunan kamar kullum. Da ya murɗa, injin ya yi ta ƙugi babur bai motsa ba, ƙarar ta yi ta hawa har garken da ke bakin shinge ya watse. Can sai ya zabura kamar an tsikare shi. Inna ta wuntsila ta baya ta faɗi a kan kafaɗarta. Ta yi ihu, na yi ihu, karnuka suka ɗauki haushi, Baba ko waiwaye bai yi ba. Sai da ya kai gindin tudu bel ya tsinke, sannan ya juyo ya ga amalanke babu matarsa. Yaya, fuskarsa a lokacin ba zan manta da ita ba. Na ɗauka ƙarar inji ce ta hana shi jin mu.

Da muka dawo daga wurin likita na ja babur ɗin cikin rumfa da fushina. Na fara da abin da shi kansa ya koya mana, ka fara duba mai arha kafin mai tsada. Bel ya ƙone ƙurmus, gefensa ya yi sulɓi. Faifayen kulocin da ke matse shi duk baƙin roba. Na goge su da sanfefa, na wanke, na sa sabon bel, na daidaita sakinsa, na duba kulocin baya na ga yana buɗewa yana rufewa lafiya. Na tayar, na murɗa a hankali, sai ga ƙugin nan ya dawo. Mikkal ya kawo agogon auna juyin inji, irin wanda Baba yake kira kayan kurame, muka ga sai inji ya wuce juyi dubu biyar kuloci yake kamawa. Babur mai jan kaya a cikin garke, ka sani, tun wajen dubu uku ya kamata ya ɗauka a hankali. Ruwa ba ya tsami banza, na ce da Mikkal ya miƙo ƙarfen zare kuloci.

Abin da na gani a ciki ya sa na zauna a kan jarka. Sifirin ɗin kulocin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke hana shi kamawa da wuri, ja ne mai taurin tsiya, wanda masu tsere suke sawa. Ƙarafan nauyi guda uku da ke tura kulocin ya kama kuma an goge su da magagari har sun rame. Sifirin mai tauri, nauyi ya ragu, ina inji ba zai yi ihu ba kafin ya kama? Ni da bakina har na fara zagin ɗan hassadar da ya shigo rumfarmu ya yi mana wannan aika-aika. Sai Mikkal ya ce in dubi gugar da kyau. Sumul, daidai wa daida, ko wanne nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa. A duk faɗin yankin nan mutum ɗaya ne yake da wannan hannun.

Na kai wa Baba ƙarafan a tafin hannuna. Bai musa ba. Ya ce shi ya yi, wai hunturu biyu ke nan muryar injin tana dusashewa, ya zama rago, in ya murɗa ba ya amsa masa. Ya canza sifirin sau uku, ya rage nauyi kaɗan-kaɗan, har sai da ya dawo yana jin sa. Mutumin da shekara arba'in mutane suke kawo masa babura daga Karasjok don ya karkata kai ya saurara ya faɗa musu ciwon, shi ne yake ce mini injin da ya watsa garke ba shi da murya. Da ya juya zai zuba kofi, na tsaya a bayansa, taku biyu tsakaninmu, na kira shi. Na sake kira. Na uku har da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Ya ci gaba da yanka busasshen nama a cikin kofinsa kamar yadda ya saba.

Inna ba ta ko yi mamaki ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Ta ce ta sani tun bara waccan, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Bakin mutum yake kallo, shi ya sa kullum yake zama inda haske ke dukan fuskokinmu, mu kuma muna cewa tsufa ya sa shi son taga. Na ce da ita yanzu da hannun ne ya karye, ko wuya fa? Ta ce ita ba wuyanta take tsoro ba. Saura mako uku mu tashi da garke zuwa bakin teku, kuma ka san aikin mai jan gaba: ya kashe inji a bakin kogin da ya daskare, ya taka, ya buga sanda, ya saurari ƙanƙara. Bara Baba ya yi duk wannan a gabanmu, muka bi shi da bareyi ɗari takwas da yarana biyu a kan amalanke, alhali bai ji komai ba.

Washegari na same shi a rumfa na tsaya inda zai ga bakina, na gaya masa na sani. Na shirya wa faɗa, ka san halinsa. Ya daɗe yana jujjuya jan sifirin ɗin a hannu, sannan ya ce in buɗe akwatin katako in ɗauko tsohon mai laushi da ƙarafan asali. Shi ya haɗa, don hannunsa bai manta komai ba, ya ɗaure kowane kusa yadda ya kamata. Muka fita fili, na hau, ya dafa kafaɗata ya ce in murɗa sannu, in na ji ya kama in gyaɗa kai. Na farko ya kama da wuri ƙwarai har inji yana nishi, na girgiza kai, muka koma ya ƙara siririn zobe a bayan sifirin. Sau huɗu muna kwancewa muna ɗaurawa. A na biyar babur ya ɗaga amalanke cike da buhu ya tafi sulululu, ko barewa ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Ya dubi fuskata, ya ce to ya yi. Daga nan ya miƙo mini sandar buga ƙanƙara, ya ce bana ni ce a gaba, shi zai bi baya da tsofaffin mata, ya kuma ce kada in kuskura in yi masa kuka a gaban Mikkal. Na yi.

Yanzu ga abin da ya sa ban kira ka ba. Duk Lahadi in ka bugo, Baba yana kara waya a kunne ya yi ta cewa to, to, madalla, mu kuma muna dariya wai kai kaɗai ne ba ya yi wa musu. Yaya, shekara biyu bai ji kalma ɗaya daga bakinka ba. Ranar da ka gaya masa ka sa wa jaririnka sunansa, ka yi fushi don ya ce maka to kawai, ka yi wata uku ba ka kira ba. Bai ji ba ne. Inna ta ɗauka wani ya riga ya sanar da shi, ba ta maimaita masa ba, mu kuma duk Ƙarami muke ce wa yaron. Jiya na rubuta masa a bayan kwalin bel. Ya karanta ya fita wajen garke, bai dawo ba sai la'asar.

Inna tana gaishe ka da hannunta mai lafiya. Mikkal da Kawu Yovsset da Gwaggo Gadja suna gaisuwa, yarana suna gaida Ingrid da 'yan'uwansu. Likitan kunne ya ba mu rana a garin Alta bayan mun kai garke bakin teku, amma kada ka jira wannan. Baba ya ce in gaya maka ka aiko da hoton Aslak ƙarami, kuma duk abin da ka gaya masa a shekaru biyun nan, ka zauna ka rubuto masa daga farko, da manyan baƙaƙe.

Ƙanwarka da ba ta iya ɓoye magana,
Ristin