Yankan Hanya a Kurmin Tukurwa

Jakiri, 2 ga Disamba, 2012

Zuwa ga maigidana Lukong,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gonar roba. Yaya zafin Tiko, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan ƙalau muke. Mun gama haƙar dankali, baƙar akuya ta haifi biyu.

Bayan haka, Ngoran ya dawo. E, Ngoran ɗinka. Ya sauka daga Yaounde da tumbi kamar mai cikin wata bakwai, da usur a wuya, wai daga yau "Koci" za a riƙa ce masa, wato mai horar da 'yan gudu. Ya zo da wasu 'yan birni masu takalma kala-kala, za su shirya tseren gudu a duwatsunmu, kilomita talatin. Kwana uku suna yawo da gwangwanin jan fenti suna shafa wa duwatsu, har itacen goronmu bai tsira ba. Na ji shi a kasuwa yana cewa shi ya gano hanyar. Hanyar da kakata ta bi da itace a ka har haƙoranta suka zube! Na ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Koci. Gobe sai ka gano mana rijiya." Matan da ke wurin suka fashe da dariya, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hanyar ta bi ta mararrabar nan. Dama ta hau ƙolin dutse inda Fulani ke kiwo, hagu ta gangara kurmin tukurwa ta ɓullo a gadar katako. Na san ba ka son ana tayar da zancen, amma shekara ashirin ba su goge abin da idona ya gani ba. Ranar wancan tseren naku, ina zaune a gadar nan da targaɗe a ƙafa Ngoran ya fito daga kurmi, taɓo har gwiwa, kai kuwa kana can sama kana fama da dutse. Shi ya zo na ɗaya, aka tafi da shi birni. Kai ka zo na biyu, aka ba ka bokiti. Da na yi magana aka ce budurwa ce ke kare saurayinta.

'Yarka Leinyuy ta shiga cikin masu horo a wurinsa. Wai mata uku na farko za a kai su babban tseren dutse na Buea. Na hana, ta yi kuka, na bari. A hawa dai ba wanda ya kai ta a ƙauyen nan, ƙafarka ta ɗauko.

Ka gaida mutanen gida da ke can.

Matarka,
Berinyuy

Jakiri, 6 ga Janairu, 2013

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka barka da sabuwar shekara. Saƙonka ya iso, maganin tari ma ya iso. Ka ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban ga inda ya hana ni zuwa taro ba.

Jiya kwamitin tsere ya zauna a makaranta don raba masu tsaron hanya. Ngoran ya tsaya gaban allo da sanda kamar mai shirin yaƙi. Ya sa mutum a bakin kasuwa, ya sa mutum biyu a ƙofar coci, inda ko makaho ba zai ɓata ba. Ƙolin dutse ya ba surukinsa, tsohon da ba ya bambance uku da takwas ko da tabarau. Gadar katako kuwa ko ambatonta bai yi ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Ni a ba ni gada."

Ya yi wani murmushi ya ce, "Haba Maman Leinyuy, da wannan gwiwar taki? Wurin da nisa, kuma ba mai bi ta can."

Na ce, "Ai kai ka fi kowa sanin ko ana bi."

Hedimasta, wanda shi ne shugaban kwamiti, ya yi gyaran murya ya miƙo mini littafi da fensir na rubuta lambar duk wanda ya yanke hanya. Ka ga fuskar Ngoran kuwa? Kamar wanda ya tauna ɗanyen goro.

Na san abin da yake ƙullawa. Akwai 'yar ƙanwarsa Kinyuy a cikin masu gudu, wata siririya mai shiru-shiru. Kullum tana bayan Leinyuy. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka na san ta inda za ta ɓullo. Zan zauna in jira ta, in rubuta lambarta da manyan baƙaƙe, in karanta a gaban jama'a.

Leinyuy tana gaishe ka. Kwanan nan ba ta cika magana ba, gajiyar horo ce.

Taka,
Berinyuy

Jakiri, 22 ga Janairu, 2013

Lukong,

Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka ba kowa ya karanta maka.

An yi tseren ranar Asabar. Tun da sassafe na isa gada, na zauna bayan wani kututture. Maza suka gangaro daga dutse suka wuce. 'Yan birnin nan ma suka zo suna haki, kowa da gorar ruwa a baya kamar mai goyo, ɗaya har ya tsaya yana ɗaukar hoton saniya. Can sai na ji motsi a cikin kurmi, ana taka ruwa. Na gyara fensir.

Leinyuy ce ta fito. Lamba arba'in da bakwai, taɓo har gwiwa.

Ta gan ni ta tsaya cak. Ta ce, "Mama." Na miƙe tsaye. Ta ce, "Mama, don Allah. Ba wanda ya gani." Na ce, "Ni itace ce?" Ta tsaya kamar za ta koma, sai ga wata 'yar garin Oku ta gangaro daga sama ta wuce mu. Leinyuy ta dube ni, ta bi bayanta a guje.

Kinyuy kuwa ta ƙolin dutse ta sauko, gwiwarta na jini, ta gaishe ni ma da ta zo wucewa.

A filin makaranta aka ce Leinyuy ta biyu, Kinyuy ta huɗu. Na miƙa littafi, Hedimasta ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Kin san lambar wa ce wannan?" Na ce ni na ɗinka mata ita a riga. Aka soke sunanta a gaban kowa, Kinyuy ta koma ta uku.

Sai ga Ngoran ya karɓi lasifika. Wai zuciyarsa ta karaya, wai bai taɓa koya wa yaro ha'inci ba, wai tarbiyya daga gida take farawa. Aka tafa masa! Mutanen garin nan, in kare ya sa usur a wuya za su tafa masa.

A gida Leinyuy ta faɗa mini sauran. Shi ya kai su kurmin, ita da Kinyuy, ya nuna musu inda ake taka saiwa kada a nutse. Kinyuy ta ce ita tsoron maciji take ji, ba za ta bi ba. Da Leinyuy ta yi gardama sai ya ce mata, "Je ki tambayi ubanki abin da bin doguwar hanya ya ba shi. Yana can yana tsaga itace yana tarar ruwan roba." Kuma abin takaici, ko ba ta yanke ba da ta shiga cikin ukun. Ita ce ta biyu a mararraba. Na ce ta je ta faɗa wa kwamiti, ta ce wa zai yarda da ɓarauniya.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A gada ban rubuta komai ba. Na rufe littafin, na tako har gari da shafi fari fat, ina ce wa kaina shi ke nan, ido bai gani ba. Da na shigo fili sai na hango Ngoran ya dafa kafaɗar Leinyuy ana ɗaukarsu hoto. Ya hango ni, ya dubi littafin, ya kashe mini ido ɗaya, wato yanzu mun zama ɗaya ni da shi. A nan tsaye na rubuta lambar, fensir har ya huda takarda.

Shekaranjiya Fada ya ambace ni a wa'azin coci, wai uwar da ta fifita gaskiya a kan jininta. Mata suna ta zuwa yi mini sannu. Sakarkaru. Da Ngoran bai kashe idon nan ba, da yanzu ina ɗinka mata jakar tafiya Buea.

Ba ta yi mini magana ba tun ranar Lahadi. Abin da ta ce kawai shi ne wurinka za ta, ban hana ba. Za ta shigo motar Asabar, ka tare ta a tasha. Kada ka yi mata faɗa, na yi wanda ya isa. Na sa mata garin masara da busasshen ganye a jaka, ka tabbata ta ci, don rabonta da abinci kwana biyu. In ta tambaye ka ko ka taɓa yin nadamar hawa dutsen nan, ka faɗa mata gaskiya ko wace iri ce, sannan ka rubuto mini amsar, don ni ma ban taɓa samun ƙarfin tambayarka ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Berinyuy