Gungumen da Ya Dawo

Litinin, 5 ga Mayu

Mun kafa injin tsaga katako a gonar itatuwan wani tsohon malamin makaranta. Hanyar shiga ba kyau, sau biyu tirelar ta so kafewa. Gumagumai goma sha ɗaya ya sa aka kayar, ɗanyu shar, wasu sun fi gadon injin tsawo sai mun rage musu kai. Abokin aikina Dogo ya zagaya mafi kaurin, ya taɓa shi da ƙafa ya ce, "Wannan kam sai dai mu roƙe shi ya hau da kansa." Na ce shekara ashirin da biyu muna aiki tare, wane gungume ne ya taɓa gagarar mu?

Da safe da ƙyar na sa riga. Kafaɗar dama ce kuma. Maman yara ta gani, na ce kwanciya na yi a kanta.

Talata, 6 ga Mayu

Gungume huɗu muka tsaga yau. Yadda muka saba: ƙarafa biyu a jingine daga ƙasa zuwa gadon inji, ni ina mirgina gindin da sanda mai ƙugiya, Dogo yana wajen kai, duk mirginawa ɗaya sai ya tura weji, wato guntun icen tokare, da ƙafa don kada gungumen ya dawo. Malam ya tsaya yana kallo, ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfi irina ba. Kaina ya kumbura, da furfurata da komai.

A na huɗun yatsuna suka mutu na ɗan lokaci. Na sunkuya kamar ina ɗaure takalmi har suka dawo.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Babban nan ne. Mun kai shi kusan bakin gado, saura mirginawa ɗaya. Dogo ya ce mu huta tukuna, na ce a'a, mu gama. Na ɗaga. Sai kawai na ji ba ni da hannu, daga kafaɗa har yatsu kamar na wani. Sandar ta suɓuce. Gindin ya juyo, ya tsallake weji, ya sauko ta gefen Dogo. Ya yi tsalle amma ƙafar hagu ba ta fita ba. Ƙarar da na ji, ba ta itace ba ce.

Da jak ɗin mota muka ɗaga shi, ni da Malam. Malam yana ta tambaya, yaya aka yi, yaya aka yi. Sai na ji bakina ya ce, "Bai sa weji ba."

Ya sa. Da idona na ga ya sa. Kuma yana kwance a nan idonsa biyu, ya ji ni.

Juma'a, 9 ga Mayu

Karaya biyu a ƙwauri. Likita ya ce wata uku, in an yi sa'a.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na je asibiti. Matar Dogo ta tashi ta ba ni kujerarta, tana ta godiya wai ni na ɗauko shi, ni na tsaya a kansa, ɗan'uwa ma sai haka. Sannan ta juya kansa. "Kai da girmanka, weji ma sai an tuna maka? Da ba don Yaya ba da yanzu wani zance ake." Yaya take ce mini tun ranar da ya auro ta.

Dogo rufin ɗakin kawai yake kallo. Da ta fita ɗebo ruwa ya ce, a hankali, "Ya kafaɗar?"

Na ce lafiya lau. Na ce ina sauri, na bar mota a wurin da ba a tsayawa. Ƙarya a kan ƙarya.

Laraba, 14 ga Mayu

Gungumen yana nan inda ya faɗi. Na je na rufe injin da tamfol na dawo.

A shagon wasa zarto na tarar ana zancen. Wai Dogo tsufa ya kama shi, hankalinsa ba ya kan aiki, wa zai ƙara ɗaukar sa. Mai shagon ya ce mini, "Kai ma ka yi haƙuri da shi da yawa." Na ce sai addu'a. Mutumin da ya taɓa fizge ni daga gaban zarto da wuyan rigata. Sai addu'a, in ji ni.

Asabar, 17 ga Mayu

Maman yara ta ajiye abinci ta zauna a gabana, ta ce ba inda za ta sai na faɗa mata abin da ke ci na. Na faɗa. Duka, har hannun. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta lallashe ni. Sai ta ce, "To ni ka gaya wa. Ni ce na karye?"

Ta kwashe kwanon ta fita da shi. Ban ci ba dama.

Litinin, 19 ga Mayu

Na fara da Malam, don shi ne mai sauƙi. Na same shi yana ba shukoki ruwa. Maganar ta fito a karkace, sai da na maimaita. Ya ajiye bokitin ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da suke yi wa ɗalibi. "Na ga weji a wurin ai, a farfashe," ya ce. "Na zuba ido ne in ga kwana nawa za ka ɗauka."

Goma sha ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu

An sallami Dogo jiya. Na tsaya a ƙofar gidansa har maƙwabciyarsu ta tambaye ni ko wani nake nema.

Yana kan katifa a falo, ƙafar a kan matashi. Na ce wa matarsa kada ta fita, ita ma maganar ta shafe ta. Na ce ya sa weji. Na ce hannuna ne ya saki, kuma ya fi shekara ina ɓoyewa. Na ce ni na yi masa ƙarya yana kwance.

Ta ce, "A gaban 'ya'yansa na zage shi." Sau biyu ta faɗa. Ta shige ɗaki ta ja labule.

Dogo ya ce tun bara ya lura ina karɓar kofi da hagu. Wai ya so ya yi magana, ya san halina. "Ƙafa za ta ɗoru," ya ce. "Amma maganar nan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ka je shagon wasa zarto ka gyara ta da bakinka."

Da zan tafi na yi mata sallama ta bayan labule. Ba ta amsa ba. Tana da gaskiya.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na je shagon. Mutum shida a zaune. Na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

Talata, 27 ga Mayu

Ƙanena mai walda ya haɗa mini abin ja a gefen injin: ƙarfe mai hannu, kana murɗawa yana naɗe waya, wayar ta zagaye gungumen ta mirgino shi kan ƙarafan, in ka saki kuma haƙori ya riƙe. Ya rufe shagonsa zai taya ni har mu gama. Babban ya hau kamar ba shi ba. Na tsaya ina kallon sa a kan gado, ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yau akwai gungumen da sai an juya shi a kan gado da sanda. Na kama, na ji kafaɗar, na ce wa ƙanena, "Zo ka karɓa, ba zan iya ba." A gaban Malam. Ya karɓa kawai, ba wanda ya ko ɗago kai.

Likitan ƙashi ya ba ni Litinin. Ranar ce Dogo ma zai koma a duba ƙafar. Matarsa ta aiko wai in akwai wuri a mota. Ba ta ce Yaya ba, mai inji ta ce. Akwai wuri.

Biyu kacal muka tsaga yau. Da can da na kwana ina jin haushi. Wataƙila gajiya ce.