Sakata ta Waje

Litinin, 3 ga Maris

An kawo mini sabon aiki a maɗaba'a, labarin wata marubuciya, shafi ɗari uku, in duba in gyara. Wata duniya ta ƙirƙira inda duk wanda aka haifa da sihiri ake kai shi hasumiya a kulle, wai kada wata rana ya ƙone gari. Masu gadin duk mutanen kirki ne, har kuka suke yi. Na rubuta mata da fensir a gefen shafi cewa ba a tsare mutum kan laifin da bai kai ga yi ba. Na ji daɗin jimlar. Shekara ashirin ina karanta irin waɗannan littattafai, kullum ina goyon bayan fursuna, daga kan kujerata.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya, wana da ke zaune tare da mu, ya sake kwance soket ɗin kicin. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran wuta. Yanzu sunana kan ɓace masa, amma hannunsa bai manta komai ba sai abu guda: a kashe wuta kafin a fara. Maman yara ta ɓoye akwatin kayan aikinsa tun watan jiya. Da cokali ya kwance.

Asabar, 8 ga Maris

Ya fita ba wanda ya gani. Ya shiga gidan maƙwabta, wai ya ji mitarsu tana ƙara, ya bar waya a buɗe daidai inda 'yarsu ke rarrafe. Allah ya tsare. Maƙwabcin bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce dai su ma suna ƙaunar Yaya, shi ya ja musu wutar gidan, amma...

Maman yara ta ce gobe ko jibi sai ya kashe kansa ko ya kashe wani, kuma ita ke wuni da shi, ni ina can ina gyara waƙafi. Ta ce a sa wa ɗakinsa sakata. Na yi mata bayani mai tsawo kan mutuncin ɗan Adam. Ta bari na gama, ta tambaye ni ko in kira kafinta ko ta kira.

Laraba, 12 ga Maris

Marubuciyar ta zo karɓar gyara. Ta karanta abin da na rubuta, ta ce, "Malam, ai babu wanda ya tambayi mutanen garin. Su ma barci suke so su yi."

Na jero mata sunayen masana biyar. Ta rubuta su, baiwar Allah.

Juma'a, 14 ga Maris

Kafinta ya zo. Yaya ya ji ƙarar aiki ya fito da murna, shi ya riƙe masa ƙusoshi, yana miƙa masa ɗaya-ɗaya. Da aka gama ya ja baya ya duba, irin duban da yake wa aikin wani tun muna yara.

"Auta, wannan kafintan naka bai iya aiki ba. Ya sa sakatar ta waje."

Na ce za a gyara. Kafinta ya tattara kayansa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba ya faɗa, ba ya dukan ƙofa. Ya ɗauka lalacewa ta yi. Ta ciki yake koya mini: ɗan ɗaga ta sama, Auta, sannan ka ja.

Laraba, 19 ga Maris

Ban karanta komai ba.

Talata, 25 ga Maris

Gida lafiya. Maƙwabci ya dawo gaishe ni kamar da. Maman yara har ta samu ta je kasuwa ta daɗe, ta dawo tana dariya, rabon da in ji hakan na manta. Da safe na kai wa Yaya abin kari, na fito da kofi a hannun dama, na tura sakatar da na hagu. Tana tafiya sumul yanzu, na ɗiga mata mai. Sai da na kai rabin hanyar ofis na tuna yana magana lokacin da na fito. Ban san me yake cewa ba. Na kuma isa aiki a kan lokaci.